Shugaba Dif da Mashigin Kanya

Allah Ya yi wa Gangaren Kanya baiwa uku: ƙasa mai karɓar masara, rafi mai ruwan sanyi, da Malam Mujitaba. Biyun farko ba su iya magana ba. Na ukun kuwa ya iya, kuma shi ne kullum yake tuna wa mutane cewa an yi musu baiwa.

Ƙauyen yana can bayan Badafi, inda kwalta take gajiya ta bar mutum da jar ƙasa. Malam Mujitaba shi ne shugaban ƙungiyar ci gabansa. Ba za a ce an zaɓe shi ba, ba kuma za a ce ya ƙwata ba. Ranar da aka zauna zaɓe shi kaɗai ya zo da biro.

Da ranin bara aka tura shi Kano bitar kwana uku a kan ambaliya. Ya tafi da Hausa cike da baki kamar kowa. Ya dawo da jaka mai rataya, da kati mai hotonsa a wuya, da kalma ɗaya ta Turanci. Kalmar ita ce "dif", ma'anarta zurfi. Zurfin nan dai da kakanni suke faɗa tun ranar da aka haƙa rijiyar farko. Amma a bakin Malam Mujitaba sai ta zama kamar sabuwar hula, ba ya fita sai da ita, a cikin gida ma ba ya cirewa.

Idan Saude, mai ɗakinsa, ta kawo tuwo, sai ya leƙa kwanon miya ya ce bai yi dif ba. Idan ya tashi daga barcin rana, barcin ya yi dif. Ranar wata Juma'a ya tare liman a ƙofar masallaci ya riƙe hannunsa ya ce, "Malam, yau huɗubar nan ta shiga dif." Liman ya ce Allah Ya sa alheri ne. Da aka yi rasuwa a gidan mai unguwa, ya je gaisuwa ya shaida wa masu makoki cewa rashin ya taɓa shi dif ƙwarai. Suka ce amin, don ba su san wace amsa ake bayarwa ba.

Kafin damina ta faɗi duk ƙauyen Shugaba Dif ake kiransa. Ya ji, ya kuma ji daɗi. A ganinsa sarauta ce da talakawa suka naɗa masa don kansu.

Mutumin da ya fi kowa shan kalmar nan shi ne Mainasara, direban a-kori-kura, motar da ita kaɗai ce take haɗa ƙauyen da Kwanar Dangora. Shugaba ba ya hawa sai gidan gaba, kuma daga tashi har sauka ba ramin da za su faɗa bai ba shi sunansa na Turanci ba. Mainasara mutum ne mai ƙarancin magana. Shekara goma sha tara yana ƙetare rafin Kanya da mota, bai taɓa barin injinsa ya sha ruwa ba, kuma ba ya ɓoye cewa ba wayonsa ba ne. Aikin Tsoho ne.

Tsoho wani baƙin dutse ne da yake tsaye a tsakiyar mashigin, daidai inda ruwan ya fi ci. Yana da ƙugu da kafaɗa da kai kamar mutum a tsugune. Kowa a ƙauyen ya iya karanta shi tun kafin ya iya karanta allo. In ruwa yana ƙugun Tsoho, mace ma ta wuce da tulu a ka. In ya kai kafaɗa, mai babur ya kashe ya zauna. In Tsoho ya nutse, to ko shanun Fulani tsayawa suke a gaɓa su yi ta tuƙa har ya leƙo. Ba ya ƙarya, ba ya neman a gode masa. Da safe tsuntsaye suna sauka a kansa, da yamma rana tana shafa masa ja.

Wannan ne ya dami Shugaba. A bita an nuna musu hoton wata doguwar sanda mai lambobi, ja da fari, tsaye a bakin wani kogi na ƙasar waje. Tun daga ranar yake jin kunya a ce ƙauyen da yake shugabanta yana tambayar dutse. Ya tara ƙungiya a gindin kanyar da take gaɓar rafin, ya gyara katin wuyansa, ya ce:

"Jama'a, duniya ta wuce nan. Ina tambayarku, Tsoho ya yi makaranta? Ya san mita? In baƙo ya zo ya ce rafinku hawa nawa ne dif ɗinsa, sai mu ce masa kafaɗa? Kafaɗar wa? Ni na zauna da masana, na yi tunani dif a kan wannan al'amari."

Baba Inuwa, wanda ya girmi kowa a wurin, ya ce ba ya ƙin sanda, a kafa ta, amma a bar dutsen inda Allah Ya ajiye shi, tunda ba ya cin abincin kowa. Shugaba ya yi masa murmushin da ake yi wa tsofaffi, ya ce ma'auni biyu a rafi ɗaya ruɗani ne. Kuma ga wata hikima: sandar tana bukatar dakali, dakali yana bukatar tsakuwa, tsakuwa kuwa ga ta nan a tsaye kyauta.

Masu fasa dutse suka kwana uku a kan Tsoho. Mainasara ne ya kawo siminti, don haka ya ga komai da idonsa. Da aka zo kafa sandar, magini ya tattare wando zai nufi tsakiya inda Tsoho yake a da. Shugaba ya dakatar da shi. Ranar yana sanye da farar shadda da takalmi sau-ciki, za a kuma ɗauki hotonsa yana riƙe da sandar. Bai ga dalilin da zai sa ilimi ya jiƙa ƙafa ba. Ya nuna wani tudun yashi a gefen gaɓa ya ce a nan za ta fi fitowa. Aka gina dakali, ya ce a ƙara masa tsawo don sunansa da za a rubuta a jiki kada ruwa ya riƙa rufe shi. Aka ƙara. Sannan aka dasa sandar a bisa, lambobinta suka fara ƙirga daga inda gwiwar mutum take.

Ta yi kyau, wannan ba musu. Daga nesa kamar alawa.

Mainasara ya kalli sandar, ya kalli tsakiyar rafin da ya zama fili kamar bakin da aka cire wa haƙori, ya hau motarsa ya tafi.

Damina ta yi kyau a farko. Masara ta kai gwiwa, sannan ta fara yin rawaya daga ƙasa, alamar tana kukan taki. Manoman ƙauyen suka haɗa ƙarfi suka sayi buhu arba'in a Kwanar Dangora. Wanda ya sayar da akuya ya sayar, wadda ta fasa asusu ta fasa. In takin nan bai shiga gona a makon ba, an yi asarar shekara. In kuwa ya taɓa ruwa a hanya, narkewa zai yi kamar gishiri a miya, a ɗauko buhu a tarar da leda.

Shugaba ya ce shi da kansa zai rako kayan. Ya sa aka sanar a masallaci cewa jama'a su fito bakin rafi bayan la'asar su tarbe shi. Ya sa babbar riga mai aska, ya kafa hula, ya rataya kati.

Sararin sama fes yake a ranar, ko ɗigon hadari babu. Amma tun kafin su gangara Mainasara ya rage wuta. Ruwan Kanya ba a kan Kanya yake sauka ba. Can wajen duwatsun Doguwa ake yinsa, ya kwana yana tafiya ya iso wa mutane da rana tsaka. Rafin ya yi kalar kunun kanwa, ya daina ƴar waƙar da yake yi a kan tsakuwa, yana tafiya shiru da nauyi. Wani reshen ɓaure ya wuce da ganyensa kore. A gefe wani Bafulatani ya jingina da sandarsa, shanunsa sun jeru a gaɓa, ba wadda ta sa kofato.

Mainasara ya taka birki ya kashe mota.

Shugaba ya tambayi dalili. Mainasara ya ce ruwan bai yi masa ba. Shugaba ya fito da kai ta taga ya dubi sandarsa. Ruwa yana lasar gindin dakali da ƙyar, bai ko kai lamba ta farko ba, sunansa kuma yana nan a bushe, kowane harafi. A tsallake kuwa ga ƙauyen nan kaf, maza da mata, wasu da kwanduna, ana ɗaga masa hannu. Ya sauko ya tsaya a gaban mota ya ɗaga murya yadda za ta haye rafin.

"Jama'a, ku shaida. Ga ilimi a tsaye yana cewa ruwa bai kai rabin mita ba, iyakarsa gwiwa, ga jahilci a zaune a sitiyari yana jin tsoro. Wannan ruwa ba dif ba ne. Ni da na yi bita nake faɗa."

Daga nan ya sunkuyo ya gaya wa Mainasara a hankali cewa in bai tayar da motar nan ba, ƙungiya za ta nemi wani direban, kuma kowa zai san wanda ya hana masara taki.

Mainasara ya ɗan zauna da hannunsa a kan makulli. Ya tuna buhu arba'in da suke bayansa, biyu daga ciki na gyatumarsa ne. Ya tuna motar, wadda ba shi da wata. Ya san in ya yi gardama zai sha kaye, don ba a taɓa kayar da Shugaba da baki ba. Sai ya fito, ya rusuna kaɗan, shi ma ya yi magana yadda na tsallake za su ji.

"Ranka ya daɗe, ni ban yi boko ba, lambar nan ba na gane ta. Da Tsoho nake ganewa, shi kuma ga shi an yi dakali da shi. Tunda gwiwa ne, ka shige gaba ina ganinka. Inda ka taka nan zan sa taya."

Na tsallake suka ji sarai. Sai Baba Inuwa ya ce ai wannan gaskiya ne, jagora shi ne a gaba. Mata suka ɗauka, suka ce Shugaba a gaba.

Shugaba ya dubi ruwan. Ya dubi sandar. A karo na farko ya lura cewa tsakanin sandar da tsakiyar rafin akwai tafiya. Amma ido ɗari biyu yana kansa, kuma da bakinsa ya ce su shaida. Ya cire takalmi ya riƙe a hannu, ya tattare babbar riga a kafaɗa, ya shiga kamar mai buɗe taro.

Taku biyar na farko ilimi ya yi gaskiya. Ya waiwayo ya yi wa Mainasara murmushi. A taku na takwas ruwa ya kama aljihunsa. A na goma ya kai katin wuyansa, hoton ya kwanta a kan ruwa yana kallon sama. Babbar rigar ta buɗe ta kewaye shi kamar ganyen bado. A na goma sha biyu, daidai inda Tsoho ya tsuguna shekara da shekaru, gemun Shugaba ya jiƙe, hular ta rabu da shi ta kama hanyar Kiru ita kaɗai.

Daga tsallake Saude ta kira shi, da muryar da take tambayarsa ko a ƙara miya.

"Malam, ya yi dif?"

"Da zurfi," in ji Shugaba. "Wallahi da zurfi. Ku miƙo sanda."

Sandar da ke kusa mai lambobi ce, amma tana cikin siminti. Bafulatanin nan ne ya shiga zuwa ƙirji ya miƙa masa tasa ta kiwo, ya jawo shi gaɓa kamar ɗan maraƙi. Takalmi ɗaya ya tsira.

Takin ya kwana a tudu, an lulluɓe shi da tamfol. Washegari da hantsi shanu suka shiga ruwa, Mainasara ya bi bayansu da giya ɗaya. Buhu arba'in suka sauka a bushe, kafin sati masara ta koma kore shar.

Shugaba ya yi kwana huɗu yana mura. Da ya fito ya bayyana wa ƙungiya cewa abin da ya yi gwaji ne, irin wanda masana suke yi da jikinsu. Ba wanda ya musa. Hasali ma ƙauyen ya karɓi gwajin hannu biyu, don tun da aka fasa Tsoho ba su da abin da za su gaya wa juna. Yanzu in mutum ya dawo daga rafi aka tambaye shi ruwa, sai ya ce yana aljihun Shugaba, a wuce. Ko ya ce ya kai katin Shugaba, mai babur ya haƙura. In aka ce ya taɓa gemun Shugaba, ko shanu ba sa shiga.

Sandar tana nan a kan dakalinta, ja da fari, mata suna shanya wanki a jikinta. Burin Malam Mujitaba dama shi ne kada a ambaci rafin Kanya ba a ambace shi ba, kuma Allah Ya cika masa. Baba Inuwa ma ya ce sabon ma'aunin ya yi, bai ga abin da Tsoho ya fi shi ba. Sai dai shi Tsoho, in ji shi, shekara ɗari yana cikin ruwa bai taɓa cewa a miƙo sanda ba.