Ɗigo Ɗaya

Shekarar da aka cire tallafin mai, Yaya ya damƙa mini jar motar marigayi Baba, mai ƙofa biyu, in kai ta fenti. Na tsallake ƙwararrun Tudun Wada, na zaɓi wani mai fenti, Sani, don ya ce yana karanta ajami. Cikin isa na rubuta masa "ƙara" da ajami, wato ya ƙara jan.

Kwana uku ina safa da marwa, na tarar da ita fara tas.

Sani ya ce, "Malam, ɗigo ɗaya a sama ai 'fa' ce!"

A rubutunmu na allo 'ƙa' ce, shi kuwa Islamiyya ya yi.

Har yau in Yaya zai zuba mini shayi sai ya ce, "Malam, a ƙara ko a fara?"