Dusar Ƙanƙara a Ƙofar Marusa

Ko na tsufa na ruɗe, ba zan taɓa mantawa da ranar da na saukar da dusar ƙanƙara a Katsina ba.

Sojoji ba su daɗe da komawa bariki ba aka sayo wa ofishinmu kwamfuta da manhajar tsara titi. Ka gaya mata irin ƙasar wurin da yawan motoci, ta faɗa maka kaurin kwaltar da za a zuba da shekarun da za ta yi kafin ta fashe. Ni aka tura kwas na sati biyu (na dawo ina taƙama kamar ni na ƙera ta).

Aikina na farko wani titi ne a Ƙofar Marusa, wanda duk damina yake zama tafki. Mutanen unguwar sun gaji da kai kuka. Kwamishinan ayyuka ya ce titi ɗaya za a yi bana, in bayanina ya gamsar da shi nasu ne.

Na sha babbar riga, na tsaya gaban manya ina karanto sakamako: a ninka kaurin tsakuwa, in ba haka ba ruwan ƙarƙashin titin zai daskare, ya tsaga shi a shekara ta uku. Har da ɗaga yatsa.

Malam Lawal, dattijon fomanmu, ya gyara zaman hularsa.

"Injiniya, ban katse ka ba. Shekarata talatin ina zuba kwalta garin nan. Ita ƙanƙarar, wane wata take hwaɗowa? In gaya ma iyali su nemi bargo."

Ashe yanayin ƙasar Turawan da suka ƙirƙiri manhajar ne a ciki, ni kuma ban canza ba. Kwamishina ya rufe baki da hannun riga, kafaɗunsa na rawa. Ni mai hasashen ƙanƙara, gumi ya jiƙa ni sharkaf. Abin da ya fi ƙona min rai, na ja wa bayin Allah wata daminar a cikin taɓo.

Sai Malam Lawal ya ce, "Ranka shi daɗe, a ba shi sati guda. Na'urar ba ta yi ƙarya ba, ba a gaya mata inda take ba ne."

Kwamishina ya yarda. Ni da Malam Lawal muka haƙa ƙasar, muka ƙirga manyan motoci a tsakar rana, muka shigar da ruwan Agusta da zafin bazara. Titin yana nan har yau, ta kansa nake zuwa aiki.

Har Malam Lawal ya yi ritaya, ko a tsakiyar Afrilu gaisuwarsa ɗaya ce: "Injiniya, ya sanyi?"

Tun daga ranar, kafin in tambayi na'ura komai, sai na fara gaya mata a Katsina muke.