Rasuwar Ƙaramin Gidan Kwali na Yaya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fuskar da ta kasa ɗagowa, Auta take sanar da rasuwar ƙaramin gidan kwali na yayanta, wanda ya cika ranar Asabar da hantsi a kan teburin zane, yana da wata huɗu a duniya.

Marigayin shi ne aikin Yaya na ƙarshe a jami'a, inda yake karatun zanen gine-gine. Ranar Alhamis mai zuwa ya kamata ya kai shi gaban malamai, su zagaye shi, su yi tambayoyi, su yanke ko ya gama ko zai sake shekara.

Gida ne mai ladabi. Tsawonsa bai kai kamu biyu ba, amma yana da taga goma sha ɗaya da ƙofa mai cewa "ƙit" idan an tura ta da farce. Bai taɓa cin komai ba sai gam da tsinken sakace. Mama kan ce 'ya'ya uku ta haifa, amma wannan na huɗun ne kaɗai ake tattare zani idan za a wuce ta gefensa.

Game da ciwon ajalinsa, gaskiya ita ce lafiyarsa ƙalau. Auta ce ta ga ciwo inda babu. Guga ce sana'arta tun da ta bar makaranta a aji biyar, kuma idonta ba ya ganin abu a lanƙwashe ya ƙyale shi. Da ta shiga share ɗakin Yaya, sai ta ga rufin gidan ya yi doro a tsakiya. Ta ɗauka danshi ne ya ɓata shi. Ta ce bari ta gyara kafin mai shi ya dawo ransa ya ɓaci. Ta yi masa irin gatan da take yi wa tufafin da take jin tsoro: ta shimfiɗa farin ƙyalle, ta yayyafa ruwa, ta ɗora dutsen guga a hankali. Maganarsa ta ƙarshe ita ce "tsss". Gam ya narke, ginshiƙai suka durƙusa ɗaya bayan ɗaya, rufin ya kwanta a miƙe sumul kamar yadda ta so.

Ta ja ƙofar ɗakin, ta koma kan aikinta.

Da Yaya ya dawo, ya tsaya a gaban teburin yana duban gawar. Daga baya ya ce kyanwar maƙwabta ce ta kwanta a kai. Mama ta bi baiwar Allah da tsintsiya har bakin titi, kuma har yau ba ta dawo neman ƙashi ba. Auta tana guga a bayan labule lokacin da Mama ta tambaye shi ko ba zai yi sabon rufi a miƙe ba, tunda ya fi sauri.

"Ai doron shi ne aikin, Mama," in ji shi. "Gidan masu guga ne. Na lanƙwasa rufin ne don zafi ya samu hanyar fita. Yadda nake ganin Auta tana jiƙewa da gumi ya sa na zana shi."

Ranar ce ta fara ƙona wuyan rigar mutane.

Marigayin ya bar ƙananan mutane tara na takarda, waɗanda aka tsinto a ƙarƙashin rufin da ransu, da bishiyoyi shida na soso, da ƙofar da ta daina magana. Ya bar Yaya, wanda tun Asabar yake jujjuya cokali a kwano. Ya kuma bar kyanwa ɗaya da ke ɗauke da laifin da ba nata ba.

Za a yi jana'iza gobe Talata da safe, bayan Yaya ya karanta wannan takarda da aka sa a ƙarƙashin rularsa. Za a kwantar da gawar a kwalin fanka, a ɗora a kan kabad. Ana gayyatar kyanwa, an tanadar mata kan kifi da ban haƙuri. Dutsen guga ba zai halarta ba.

Auta ta mayar wa mutane kayansu, hannunta babu aiki har Alhamis. Ta tattaro kwali masu kauri daga shagon kan kwana, ta wasa almakashi. Ta iya yanka a miƙe, lanƙwasawa ce ba ta sani ba, tana roƙon a nuna mata. Idan kuma faɗa Yaya yake so ya fara yi, za a same ta a bakin ƙofa, kanta a sunkuye, kwalayen a hannunta.