Ramuwar Ƙwayar Fitsari

Sunan mutumin ya kwance mini, shekarar ma ba zan rantse ba, amma wani ne a Babura ƙafafunsa suka kumbura. Ya je asibiti, Malama Dorkas mai ba da magani ta miƙo masa ƙwayoyi.

"Baba, wannan magani ruwan jiki yake ragewa, zai sa ka yawan fitsari. Ɗaya tak kullum da safe. In ka manta, kada ka haɗa biyu. In jiri ya ɗebe ka, ka zauna, ka dawo mu duba ka."

"Na ji, 'yata."

Sai hidimar bikin ɗan ƙanensa Muhsin ta ɗauke masa hankali, kwana uku bai sha ba. Shi ne kuwa zai karɓa wa ango aure a Kazaure, ran Asabar ƙarfe biyu. Da safiyar ranar ya tuna. Ya ce a ransa, salla ma in ta wuce ramawa ake yi, balle ƙwaya. Ya haɗa huɗu ya kora da koko, ya zura babbar riga, ya shiga bas ɗin wani direba, Daudu.

Ba su gama fita gari ba ya ce, "Direba, ɗan tsaya."

Ya ari buta, ya kewaya bayan wata kuka. Ya dawo aka tashi. Ko giya ta uku Daudu bai sa ba, sai ga murya.

"Direba, don Allah."

"Haba Baba, yanzu fa ka dawo!"

"Waccan ta Laraba ce, ɗan nan. Wannan ta Alhamis."

Ruwan buta ya ƙare, aka koma jarkar lagireto. Wajen Yankwashi wani manomi ya biyo shi yana roƙo ya ɗan matsa gaba, wai geron can ya fi jin fari. Mutuminku ya miƙe, jiri ya kwashe shi, sai da fasinjoji biyu suka tallabo shi.

Daudu ya ce, "Baba, fisabilillahi, saura na kwana nawa?"

"Ta Juma'a da ta yau."

Mota ta ɗauki salati.

Faɗan da Malama Dorkas ta yi masa washegari ya ɓace mini. Abin da na tabbatar daga bakin Muhsin shi ne, sai bayan la'asar mutumin ya iso, wani maƙwabci ya karɓi auren, har an naɗe tabarmi.

Muhsin ya durƙusa ya ce, "Baffa, ina ka tsaya?"

Ya ce, "Ɗana, tambaye ni inda ban tsaya ba."