Yaƙin Mamuda Tela da Dutsen Iyaka

Da sunan Mai Sama muke buɗe tarihin gwarzo ɗan gwarzo, Alhaji Mamuda Tela, ɗan Jatau mai gyaran fitila, jikan Barmo wanda ya kori kura da tari guda. Sarkin almakashi, dodon yadi, maɗaukakin da allura ke karkarwa in ta ji takunsa!

Da hayaƙin Kano ya ishe shi, sai ya yi hijira zuwa Kurmin Ɓauna, can ƙuryar daji, inda mota ke zuwa ran kasuwa in ta ga dama, birai kuma ke leƙen mutum yana wanka. Nan ya sayi fili a gaban shaidu. Mai unguwa ya nuna masa iyaka: tsamiya, rafi, turba, sai kudu wani baƙin dutse mai laka da ya raba shi da gonar Iya Tabawa, tsohuwar da ba a taɓa kayar da ita a gardama ba.

A kudun nan ya shata wa matarsa Hajiya Gambo ɗakin girki. Gari na wayewa ya tarar dutse ya matso. Wata safiyar ya ƙara matsowa, har ko murhu ba zai zauna ba.

"Alhaji, ko ɗakin girki, ko Kano!" in ji Hajiya.

Nan jinin Barmo ya tafasa. Sadauki ya yi ɗamara da igiyar awo, ya kifa kwanon sha a ka, ya zare almakashi, ya durfafi kudu da azamar da ta tarwatsa kaji, ta girgiza zabi, yana ruri: "Iya, fito! Yau ko ni ko ɓarawon ƙasa!"

Tsohuwa ta fito da muciya. "Ɗan nan, da wane ƙugun zan ɗaga dutse?"

Barde ya ɗora ƙafa kan dutsen zai rantse. Dutse ya zuro kai, ya dube shi a wulaƙance, ya yi gaba. Ashe kunkuru ne.

To, tunda shaidu sun shaida shi ne iyaka, sai aka ja daga, kowa na son ya janyo shi don filinsa ya ƙaru. Mamuda ya tsugunna a kudu, cikin gonar Iya, da ɓawon kankana yana kirari, "Taho, giwa mai sulke!" Iya ta kafa sansani a arewa, cikin filin Mamuda, da ɗanyar kuɓewa. Jama'a suka rabu runduna biyu, ƙura ta turnuƙe, rana ta take. Kunkuru ya cinye na kudu, ya cinye na arewa, ya shige daji abinsa.

Mai unguwa ya sa aka mirgino wani dutsen, aka ajiye daidai inda na farko yake ran ciniki. Amma jikan Barmo ya daina yarda da duwatsu. Ya ja da baya, ya yi kabbara, ya ɗirka masa shuri don ya ga ko zai motsa.

Bai motsa ba. A baro aka kai Alhaji gida.