Shanyar Suruki

Wani ne a Bodinga, zamanin farar hula da aka ce kowa ya tsuke bakin aljihu. Sabulu ya ɓuya, madara sai wane da wane, batirin rediyo kuwa ya fi nama tsada. Ran nan ya ga maƙwabcinsa ya jera matattun batira a kan katanga. Maƙwabcin ya ce ai ba a yar da su, in suka sha rana ƙarfinsu dawowa yake yi. Ya gwada, rediyonsa ya yi magana har ƙarshen labaru. Shi ke nan, an ba mahaukaci sanda.

Daga ranar, duk abin da ya kusa ƙarewa a gidan sai ya sha rana. Ya shanya guntun sabulu, ya bushe ƙamas ya tsattsage. Ya shanya fitilar da ba kananzir, kwana uku ba ta ce uffan ba. Ya shanya ɗan sauran man shanun matarsa Balaraba, ya narke, kaza ta kifar da ƙoƙon. Ya ce laifin kaza ne.

To, akwai wani lambu a fadama da ya daɗe yana roƙon surukinsa, Malam Arzika, ya ba shi aro ya dasa albasa, don geronsa na bana ba zai kai su rani ba. Tsohon ya taso daga Shagari don a ƙare maganar. Mota ta lalace a hanya, ya ƙarasa da ƙafa, ya iso da azahar yana jan sanda. Balaraba ta tafi kai niƙa.

Bayan gaisuwa, tsoho ya ce, "Wallahi yaro, ƙarfina ya ƙare sarai."

Mutumin naka ya ji tausayi ya kama shi. Ya ɗauke tabarma daga gindin darbejiya, ya shimfiɗa ta tsakiyar gida inda ko ƙadangare ba ya tsayawa, ya durƙusa ya ce bismilla. Ka san kunyar suruki, inda aka ajiye ka nan za ka zauna. Tsoho ya zauna, gumi na bin gemu.

Da mai gida ya juya, sai tsoho ya ja tabarma a hankali zuwa inuwar rumbu. Mutumin ya dawo, ya ba shi haƙuri, ya mayar da ita. Can kuma ya sake durƙusawa ya roƙe shi ya juya, don bayan ma ya samu.

Ana haka Balaraba ta shigo da ƙullu a ka.

"Mi nika gani haka? Baba na kas shanya?"

Ya ce ta yi shiru, dabarar batir ce, saura kaɗan.

Nan kunya ta ƙare. Tsohon da ya shigo yana jan ƙafa ya yi zumbur, ya rarumi sanda ya yi kansa. Suka fice ta zaure, suka tsallake kwata, suka ratsa 'yan albasa, tsoho na rantsuwa ko taki ɗaya na lambun nan ba zai gani ba. Balaraba na biye, tana kiran a raba.

Mutumin ya waiwayo yana haki, ya hango ta.

"Kin gani ko? Rabin shanya ke nan! Da kin bari ya kai la'asar, ko mota ba ta kama shi!"