Rasuwar Tafiretar Ofishinmu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Hafsatu Sahabi, mai buga takardu a wani kamfanin hatsi da ke Gusau, nake sanar da rasuwar tafiretata, wadda muka tsufa tare a teburi ɗaya.

Marigayiyar mai kunya ce. Ba ta taɓa shiga zance ba sai da gaisuwa, ba ta fita sai da fatan alheri. Kullum muryarta kwas-kwas-kwas, in ta kai ƙarshen layi ta ce ƙiling, ta jira a mayar da ita.

An sha zarginta da nawa. Amma nawar nan ta rufa wa mutane asiri. Tsohon manajanmu ya sha sa ni buga takardar korar Malam Yari, mai kula da sitonmu na Tsafe, saboda faɗan baki. Kafin in gama, in kai masa ya sa hannu, ya huce. Sai ya yage ta, ya aika a kira Yari su fahimci juna.

Ciwon ajalinta ya fara ne da zuwan sabon manaja, Abdulrahman, da imel ɗinsa. Aka daina saya mata ribin, wato ƙyallen tawadarta, haƙoranta suka yi tsatsa. Tana kwance aka kori Malam Yari da layi biyu, ba sallama, ba sa hannu, aka kuma tura wa kowa har reshen Bunguɗu. Shi kaɗai bai gani ba, don wayarsa ba ta buɗe imel. Ya ci gaba da buɗe sito da sassafe, har wani direba ya yi masa jaje a gaban leburori. Makon nan aka ce in kawar da ita, wai tana tare wuri.

Ta bar hatimi wanda tawadarsa ta bushe, da ambulan rabin kwali, da masinjan da ya koma kai ƴaƴan manaja makaranta, sai ni.

Za a yi mata wanka da kananzir ranar Asabar bayan azahar, a suturta ta da buhun taki, a kai ta wurin ƴan gwangwan. Ana karɓar gaisuwa a gidana. Ba za a zauna makoki a ofis ba, domin an riga an fitar da teburinta, kujerata kuma ana kan shawara.